Matar da lissafi ya kayar, Nobel ta ɗaga: me "kashi 2 cikin 100" ke nufi?

Idan kana cikin wani zauren WhatsApp na ɗalibai ko na tsofaffin ɗalibai, to ka san irin hoton da nake nufi. Malami sanye da rigar farfesa, tambarin jami'a a sama, a ƙasa kuma an rubuta da manyan baƙaƙe cewa ya shiga jerin kashi 2 cikin 100 na masana kimiyyar da suka yi fice a duniya. Kafin ka ce kwabo an hau yi masa barka, shafukan labarai sun kwafa, wani ma ya ƙara gishiri ya ce ai Jami'ar Stanford ce ta karrama shi. Kusan duk shekara haka ake yi, wajajen Satumba ko Oktoba, lokacin da sabon jerin ke fitowa.

Abin farin ciki ne, babu musu. Malamin da ke bincike a ƙasar da ake ɗauke wuta ana tsakiyar gwaji, kuma sunansa ya fito a irin wannan jeri, ya cancanci yabo. Amma kafin ka tura hoton gaba, ka taɓa tsayawa ka tambayi kanka me aka ƙirga har aka ce wane ya fi wane? Jerin nan fa ba lambar yabo ba ce daga Stanford. Wani farfesa ne na jami'ar, John Ioannidis, shi da abokan aikinsa suke fitar da shi tun 2019, suna amfani da bayanan rumbun Scopus na kamfanin Elsevier. Sunayen da ke ciki sun haura 200,000. Abin da ake ƙirgawa kuwa shi ne ambato, wato sau nawa wasu masu bincike suka kafa hujja da rubutun mutum.

Don mu gane abin da wannan lissafi ke iya gani da abin da ke kuɓuce masa, bari mu ɗauki mutum ɗaya mu bi sawunta. Sunanta Katalin Kariko, masaniyar sinadaran ƙwayoyin halitta 'yar asalin ƙasar Hungari, wadda ta samu lambar Nobel ta fannin likitanci a 2023. Da a ce da lissafi kaɗai aka bi, da tuni an manta da ita.

Mene ne ma ambaton?

Ka san jerin manazarta da ake sa ka rubuta a ƙarshen kundin kammala digiri? To daga nan maganar ta samo asali. Mai bincike yakan rubuta sakamakon gwajinsa, ya aika wa mujallar kimiyya, ita kuma ta ba wasu masana su tantance, in ya tsallake sai a buga. Duk wanda ya zo daga baya ya dogara da wannan takarda, ya saka ta a jerin manazartarsa, ya ƙara mata ambato ɗaya ke nan.

Wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ne ya mayar da abin lissafi, lokacin da ya fara fitar da kundin ƙirgar ambato a 1964. Manufar farko ita ce a taimaka wa masu bincike su gano wa ya ɗora a kan aikin wa, kamar bin salsala. Daga nan aka samu ma'aunin tasirin mujalla, wanda ke duba yawan ambaton da takardun wata mujalla na shekaru biyun baya suka samu a bana. Ka riƙe wannan "shekaru biyu", za mu dawo kanta.

A 2005 kuma wani masanin fiziks a Jami'ar Kalifoniya, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro ma'aunin h, wanda yanzu za ka gan shi a shafin kowane malami a Google Scholar. Lissafinsa ba wuya. Idan aka ce h ɗin wane 10 ne, ana nufin yana da takardu 10 da aka ambaci kowace aƙalla sau 10. To ka lura da wani abu. Wanda ya rubuta takarda ɗaya tak da ta sauya duniya, aka ambace ta sau 5,000, h ɗinsa 1 ne. Wanda ya rubuta takardu 20 na yau da kullum, kowace ta samu ambato 20, h ɗinsa 20 ne. A kan takardar neman aiki, na biyun ya ninka na farkon sau 20.

Matar da aka rage wa matsayi

An haifi Kariko a 1955 a garin Szolnok. Mahaifinta mahauci ne, kuma ta taso a gidan da babu famfo babu firji. Ta yi digirin digirgir a Jami'ar Szeged, ta kammala a 1982. A 1985 ɗakin gwajin da take aiki ya rasa kuɗin gudanarwa, sai ita da mijinta da 'yarsu mai shekara biyu suka nufi Amurka. Gwamnatin wancan lokaci ba ta barin a fita da kuɗi masu yawa, don haka suka sayar da motarsu, suka ɗinke kimanin fam 900 a cikin 'yar tsanar yarinyar. Ta fara aiki a Jami'ar Temple da ke Filadelfiya, a 1989 kuma ta koma Jami'ar Pennsylvania.

Abu ɗaya ta sa a gaba, shi ne mRNA. Bari in kwatanta maka. DNA kamar babban kundi ne da aka kulle a ɗakin karatu, ba a fita da shi. A cikinsa akwai bayanin yadda ake haɗa kowane furotin da jiki ke buƙata. Idan ƙwayar halitta tana son haɗa wani furotin, sai ta kwafi shafin da ya dace, ta ba ɗan aike ya kai wurin da ake haɗawa. Wannan kwafi shi ne mRNA, kuma da an gama aiki da shi jiki yake rusa shi. Tunanin Kariko shi ne, idan za a iya rubuta irin wannan saƙo a ɗakin gwaji a shigar da shi jiki, ai jikin mara lafiya da kansa zai haɗa furotin ɗin da zai warkar da shi.

A wancan lokaci akasarin masana ba su ga alamar nasara a hanyar ba. mRNA ba ya jure komai, nan da nan yake lalacewa, kuma hankalin masu kuɗi yana kan DNA. Ta yi ta rubuta takardun neman tallafin bincike, ana ta watsi da su. A manyan jami'o'in Amurka kuwa, mai bincike irinta shi ke nemo kuɗin aikinsa daga waje, kuma da abin da ya kawo ake auna shi. A 1995 jami'ar ta sauke ta daga hanyar zama cikakkiyar farfesa, aka rage mata matsayi da albashi. A littafin tarihin rayuwarta da ya fito a 2023, ta ba da labarin yadda hatta filin ɗakin gwaji ake raba shi bisa yawan dalolin tallafin da mutum ya jawo.

Ka ga a nan kuɗin tallafi aka ƙirga, ba ambato kai tsaye ba. Amma jirgi ɗaya ne ya kwaso su. Masu ba da tallafi suna duba takardunka da inda aka buga su da wanda ya ambace su. In babu kuɗi babu manyan gwaje-gwaje, in babu gwaji babu takarda, in babu takarda babu ambato, in babu ambato kuma wa zai ba ka kuɗi?

Takardar da babu wanda ya kula da ita

Wajajen 1997 ta haɗu da Drew Weissman, likita masanin garkuwar jiki da ke neman rigakafin cutar HIV. A bakin injin fotokwafi suka haɗu, inda kowannensu ke zuwa kwafar takardun mujallu. Suka fara aiki tare, suka kuma ci karo da babbar matsala. Duk mRNA ɗin da suka haɗa a ɗakin gwaji, da ya haɗu da ƙwayoyin garkuwar jiki sai su ɗauke shi maƙiyi, su tayar da kumburi. Ba za a yi wa mutum allura da abin da zai ƙara masa ciwo ba.

Sai suka lura cewa wani nau'in RNA da ake kira tRNA ba ya tayar da wannan fitina, kuma shi a cikin jiki an saba yi wa haruffansa 'yan gyare-gyare. Da haruffa huɗu ake rubuta saƙon RNA: A da U da G da C. Suka gwada musanya haruffan da 'yan'uwansu da aka yi wa irin wancan gyara, musamman harafin U, wanda suka maye gurbinsa da wani sinadari mai suna sudoyuridin. Sai kumburin ya kusan ɓacewa. Saƙo yana nan yadda yake, amma masu gadin jiki sun daina ganinsa a matsayin baƙo.

Suka aika wa mujallar Nature, ta mayar musu da takardarsu. Science ma haka. A ƙarshe mujallar Immunity ta buga ta a 2005, shekarar da Hirsch ya fito da ma'aunin h. A 2008 da 2010 suka ƙara buga wasu takardu da suka nuna cewa mRNA ɗin da aka gyara yana sa jiki ya haɗa furotin mai yawa fiye da wanda ba a gyara ba. Duk da haka shiru kake ji. Su kansu masu ba da lambar Nobel sun faɗa daga baya cewa takardar 2005 ba ta ja hankali ba a lokacin da ta fito.

'Yan kaɗan ne suka karanta, amma masu karatun sun san abin da suka gani. Derrick Rossi na Jami'ar Harvard ya yi amfani da dabarar a nasa binciken, kuma yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin Moderna a 2010. A 2013 Kariko ta bar ɗakin gwajinta ta koma wani kamfani na Jamus da ba kowa ya san shi ba a lokacin, BioNTech. Sai ga korona. A ranar 2 ga Disambar 2020 Birtaniya ta amince da rigakafin Pfizer da BioNTech, na Moderna ya biyo baya a Amurka a cikin watan. Dukkansu da mRNA da aka gyara wa harafin U aka yi su, kuma a gwaji sun nuna kariya ta kusan kashi 95 cikin 100. Kamfanin CureVac na Jamus, wanda ya yi nasa da mRNA da ba a gyara ba, a 2021 ya samu ƙasa da kashi 50.

Ba ita kaɗai ta yi aikin ba. Wasu masana ne suka ƙirƙiro ɗan mitsitsin ƙunshin kitsen da ke ɗaukar mRNA ya shiga ƙwayar halitta, wasu kuma suka tsara furotin ɗin ƙwayar cutar da ake koya wa jiki ya gane. Amma ƙofar da ta daɗe a kulle, ita da Weissman suka buɗe ta. A ranar 2 ga Oktobar 2023 aka sanar da su a matsayin waɗanda suka samu Nobel. Yau an ambaci takardar 2005 sau dubbai, jami'ar da ta rage mata matsayi kuma ta samu ɗaruruwan miliyoyin daloli daga haƙƙin mallakar wannan fasaha.

To ga tambaya. Takardar da aka buga a 2005 ita ce dai wadda ake yabo yau, ko waƙafi ba a ƙara mata ba. Me ya canza? Lamba ce ta iso a makare.

Abubuwa huɗu da lamba ba ta gani

Na farko shi ne lokaci. Ma'aunin tasirin mujalla shekaru biyu yake dubawa, aikin Kariko kuwa sai da ya yi shekara 15 kafin duniya ta buƙace shi. Ba a kanta aka fara ba. Francisco Mojica na Jami'ar Alicante a Sifen ya gano cewa wasu jerin haruffa da ke cikin DNA na bakteriya garkuwarsu ce daga ƙwayoyin bairos. Mujallu da dama, har da Nature, sun ƙi karɓar takardarsa, sai a 2005 wata mujalla da ba ta kai su suna ba ta buga. Daga wannan bincike aka samu fasahar CRISPR ta gyaran DNA, wadda da ita aka haɗa maganin sikila da Birtaniya ta amince da shi a Nuwambar 2023. Kai da ka san yadda sikila ke addabar gidajenmu, ba sai an gaya maka nauyin wannan ba.

Na biyu, ambato ya fi son kayan aiki. A 2014 mujallar Nature ta fitar da jerin takardu 100 da aka fi ambata a tarihi. Ta ɗaya ita ce ta Oliver Lowry ta 1951, wadda ta bayyana yadda ake auna yawan furotin a cikin ruwa, da ambato sama da 300,000. Takardar Watson da Crick ta 1953, wadda ta bayyana siffar DNA, ko cikin ɗarin ba ta shiga ba. Dalili? Duk wanda ya auna furotin sai ya rubuta hanyar da ya bi. Siffar DNA kuwa ta zama abin da kowa ya sani, an daina ma ambaton inda ta fito.

Na uku, ba kowane ambato ne yabo ba. Takardar Andrew Wakefield ta 1998, wadda ta alaƙanta rigakafin ƙyanda da cutar galahanga, mujallar Lancet ta janye ta a 2010. An ambace ta sama da sau 1,000, akasari don ƙaryata ta. Amma kwamfutar da ke ƙirga ba ta bambance mai yabonka da mai tona maka asiri.

Na huɗu shi ne girman kasuwa. Mai binciken cutar daji yana da dubban abokan sana'a da za su iya ambatarsa. Mai binciken zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno, masu karanta shi ba su kai ko kusa ba. Idan ka ajiye lambobinsu gefe da gefe, za ka zaci ɗaya ya fi ɗaya ƙwazo, alhali yawan jama'ar fanni kawai ka auna.

Idan kiɗa ya canza

Da zarar aka ce da lamba za a ba da muƙami, sai rawa ta canza. Ioannidis ɗin nan mai jerin kashi 2, shi da abokan aikinsa sun nuna a 2018 cewa akwai dubban masu bincike da sunansu ke fitowa a sabuwar takarda duk bayan kwana biyar. A 2019 bayanan jerin nasa sun nuna cewa aƙalla mutum 250 sun samu fiye da rabin ambatonsu daga kansu ko daga abokan rubutunsu. Akwai kuma ba ni gishiri in ba ka manda: ka ambace ni in ambace ka, kowa ya hau.

A 2023 an janye takardun bincike sama da 10,000 a duniya, adadin da ba a taɓa gani ba, kuma sama da 8,000 daga mujallun kamfani ɗaya ne, Hindawi. A wannan shekara jaridar El País ta Sifen ta bankaɗo yadda ake biyan wasu fitattun masana su rubuta cewa a jami'o'in Saudiyya suke aiki, don jami'o'in su hau sama a jerin duniya. Kamfanin Clarivate, mai fitar da wani jerin na waɗanda aka fi ambata, ya cire sunaye sama da 1,000 a shekarar, ya kuma ajiye fannin lissafi gaba ɗaya a gefe saboda zargin maguɗi.

Abin dariyar ma shi ne na 2024, lokacin da wasu matasan masu bincike suka buɗe wa wata kyanwa mai suna Larry shafi a Google Scholar. Suka haɗa takardun shirme da sunanta, suka haɗa wasu da ke ambatonsu, sai ga kyanwa da ambato sama da 100 kafin Google ya farga ya goge. Sun yi haka ne don su nuna yadda ƙofar take a buɗe.

To a watsar da lissafin ke nan?

A'a. Akwai gaskiya a ɗaya ɓangaren, kuma mu ne ya fi kamata mu san ta. A inda "wa ka sani" ke iya ba mutum kujera, lamba wata kariya ce. Ƙaramin malamin da ba shi da uban gida zai iya ajiye shafinsa na Scopus a gaban kwamiti, kuma ba mai iya cewa bai gani ba. Idan aka ce a bar komai ga ra'ayin manya, to son kai da ƙabilanci sun samu wurin zama.

Sannan kada labarin Kariko ya ruɗe ka. Ba duk wanda ba a ambata ba ne haziƙin da ba a gane ba. Takardu da yawa ba a ambatonsu ne saboda babu abin ɗauka a cikinsu. Kuma waɗanda suka ƙi ba ta tallafi a shekarun 1990 ba wawaye ba ne, a lokacin babu wanda ya san yadda za a magance matsalar kumburi. Laifin tsarin shi ne bai bar ko ƙaramar kafa ba ga mai aikin da ke buƙatar dogon lokaci.

Masana da kansu sun fara gyara. A Disambar 2012 wasu editoci da masana ƙwayoyin halitta suka haɗu a San Francisco suka tsara sanarwar da ake kira DORA, wadda ta ce a daina amfani da ma'aunin tasirin mujalla wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma da ba da tallafi, a riƙa duba aikin kansa. A 2020 Chaina ta umarci jami'o'inta su daina ba da tukuicin kuɗi don an buga takarda. A 2021 Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan ta sanar da cewa za ta daina amfani da wancan ma'auni wajen auna ma'aikatanta. Babu wanda ya ce a daina ƙirga. Cewa suka yi bayan an ƙirga, a zauna a karanta.

Mu kuma ina ruwanmu?

Ruwanmu ne, kuma ta hanya fiye da ɗaya. A Agustan 2021 Najeriya ta karɓi allurar Moderna sama da miliyan 4 daga Amurka, wato akwai 'yan'uwanmu da aikin Kariko ya shiga damtsensu. A Fabrairun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka Najeriya cikin ƙasashen Afirka shida da za a koya wa fasahar mRNA, tare da Masar da Kenya da Senegal da Afirka ta Kudu da Tunisiya. Wa zai riƙe wannan fasaha idan ta zo? Ɗaliban da ke karatun kimiyyar sinadaran jiki da ƙananan halittu a jami'o'inmu yanzu haka, da malaman da ke koya musu.

Su kuma malaman nan, ƙarin girmansu ya ta'allaƙa ne a kan yawan takardun da suka buga. Ka sa kanka a matsayin ƙaramin lakcara. Kana da zaɓi biyu: ka yi shekara biyar kana bin tambaya ɗaya mai wuya da ba ka da tabbacin amsarta, ko ka yanka ƙaramin bincike gida huɗu ka buga a mujallun da ke karɓar kuɗi ba sa tantancewa. Wanne ne zai kai ka babban lakcara da wuri? Duk tsarin da ya sa zaɓi na biyu ya fi riba, shi ne zai kori irin su Kariko tun ba su fara ba. Alhali mun ga abin da aiki na gaske ke yi. A Maris ɗin 2020 cibiyar da Farfesa Christian Happi ke jagoranta a Jami'ar Redeemer's da ke Ede, tare da hukumomin lafiya na ƙasa, ta karanta jerin haruffan ƙwayar korona daga mutum na farko da aka samu da cutar a Najeriya, karon farko da aka yi haka a Afirka. An yi wannan aiki cikin 'yan kwanaki, tun kafin a fara maganar wa zai ambace shi.

Mu da ke koyon aikin jarida, da duk mai waya a hannu da ke tura labari, namu nauyin shi ne mu daina kwafar lamba ba tambaya. Idan ka ga an ce wane yana da ambato kaza, tambayi daga ina aka ɗauko, domin Google Scholar yana ƙirga kusan duk abin da ya tsinta a intanet, Scopus kuwa yana da mujallun da ya zaɓa. Tambayi nawa ne a ciki mutum ya ambaci kansa. Jerin Stanford ɗin ma yana nuna lissafi biyu, da ambaton kai da kuma babu shi, kuma akwai na shekara ɗaya akwai na tsawon rayuwar aiki. Tambayi da wa aka gwada shi, tunda a cikin kowane ƙaramin fanni ake fitar da kashi 2 ɗin. Tambaya mafi muhimmanci kuma ita ce: wane aiki ɗaya ya yi, kuma me ya canza?

Kai kuma da ke shirin rubuta kundin kammala digiri, ambato yana hannunka. Kada ka saka sunan takardar da ba ka karanta ba don kawai jerin manazartarka ya yi tsawo. Irin wannan ɗabi'a ce ke girma ta zama kasuwar da muka gani a sama.

Idan sabon jeri ya fito ka ga sunan malaminka, ka je ka yi masa barka, ya cancanta. Bayan gaisuwa ka ce, "Malam, a cikin takardun nan wacce ce ka fi alfahari da ita, kuma me ta gano?" Malamin kirki zai ji daɗin tambayar fiye da hoton, kuma za ka fita da labarin da ya fi lamba amfani ga masu karatunka. In ka fito, ka leƙa ofishin da ke kusa, na malamar da sunanta bai fito a kowane jeri ba, ita ma ka yi mata wannan tambaya.